Kashi na Huɗu Yana Ɗakin Gwaggo

Mu huɗu ne kaɗai muka ɗauki darasin adabin Turanci a ajinmu na ƙarshe a sakandare. Akwai ni, akwai ɗan limamin garinmu, akwai wani ɗan ƙauyen hayin rafi da yake zuwa makaranta a keken babansa, har malamai ma mai keke suke ce masa. Na huɗun taubashina ne, ɗan gwaggona ƙanwar Baba. Wata uku na ba shi a duniya. Gona biyu ce tsakanin gidansu da namu, kuma gonakin wajenmu, yamma da Ɗambatta, ba su da faɗi. In Gwaggo ta ɗaga murya tana kiran awakinta, Inna tana jin ta daga tsakar gidanmu.

Shekarar ta zo da nauyi. Man fetur ya ɓace, sai mutum ya yini a bakin titi bai ga motar Kano ba. Takin zamani ya fi ƙarfin talaka, kowa ya koma jidar takin gida a mangala. Malamai suna yin watanni ba albashi. Malaminmu na adabi mutumin kudu ne, mai haƙuri. Ya daure har ya gama mana wasan kwaikwayo da waƙoƙin da aka sa mana, saura littafin labari, wanda shi ne mafi kauri. Bayan ƙaramar salla ya kira mu bayan ofis, ya ce iyalinsa ba za su iya ci gaba da zama haka ba, zai koma gida. Ya miƙo mana littafinsa, shi kaɗai ne a duk makarantar.

"Ku karanta shi daga bango zuwa bango," in ji shi. "Kuma duk abin da za ku rubuta ranar jarrabawa, ku kawo hujja daga cikinsa."

Ba a turo wani a madadinsa ba.

Da farko mun gwada karɓa-karɓa, kowa kwana biyu. Abin bai yi ba. Kafin littafin ya zagayo gare ka ka manta inda ka tsaya, ga Turancin da tauri, shafi ɗaya sai ya cinye maka hantsi guda. Ɗan liman ne ya kawo shawara.

"Ku tsaya in tambaye ku. In za a yi sauka a gidanmu, mutum ɗaya ne yake karanta izu sittin?"

Muka ce a'a.

"Rabawa ake yi. Kowa ya ɗauki nasa, kafin azahar an sauke. To mu ma haka za mu yi."

Babu wanda ya ja. Dukanmu ta makarantar allo muka biyo, kuma karatu a wurinmu hadda ce. Abin da ba ka iya kawowa da ka, ba ka san shi ba. Ya sa reza ya yanke zaren bayan littafin, ya kasa shi huɗu. Kowa ya ɗinke nasa, ya yi masa bango da takardar buhun siminti. Ɗan liman ya ɗauki na farko tunda shawararsa ce, mai keke na biyu, ni na uku, taubashina na huɗu. Sharaɗin shi ne kowa ya haddace muhimman wuraren da ke kashinsa, sannan ya biya wa sauran, bi da bi. Ɗan liman ya ƙara da cewa ba a tsallake. Kamar yadda ba a wanke allo a hau sura ta gaba sai ta baya ta zauna, haka babu mai leƙa kashin gaba sai an gama na baya.

Yanzu na san inda muka kuskure. Malaman da suke raba izu a wurin sauka, kowannensu ya san Alƙur'anin duka, kuma ladan a haɗe yake. Mu kuwa kowa rubu'i ya riƙe, kuma ranar jarrabawa kowa da teburinsa. Amma a lokacin gani muke mun yi dabarar da ko malamin bai hango ta ba.

Gindin wani gawo muke haɗuwa, a gonar Baba, bayan sallar azahar. Da bazara yawancin itatuwan gona sun kaɗe ganye, shi kuwa gawo lokacin yake cika. Muna shimfiɗa buhu, kowa da kashinsa a hannu, muna rangaji muna rera Turanci da muryar karatun allo. Masu wucewa da jakuna sukan tsaya su saurara, su ce Allah ya ba da ilmi mai amfani, su wuce.

Labarin na wasu 'yan'uwa ne biyu a wani gari na bakin teku, ubansu ya mutu ya bar musu jirgin kamun kifi guda ɗaya. Wan yana so a sayar, ƙanin ya ƙi. Babu ɗayanmu da ya taɓa ganin teku. Ruwa mafi girma da muka sani shi ne dam ɗin Bagwai, sai mai keke ya ce mu ɗauka shi aka ninka sau dubu. Kashina ya ƙare daidai inda ƙanin ya kwance jirgin ya shiga teku shi kaɗai, alhali tsofaffin garin sun ce iska tana tafe.

Tun ranar da na kai nan na hana taubashina sakat. Ni ɗan namiji ne, shi ɗan mace, don haka a wasan da muka tarar ni ne ubangida, shi ne bawa.

"Kai bawana, ya dawo ko bai dawo ba?"

"Wa?"

"Ƙanin mana."

"Au, wai ƙanin. Allah sarki, ƙanin nan." Sai ya girgiza kai a hankali, sannan ya tuntsire da dariya.

"Ka faɗa mini ko in karɓe takardun da ƙarfi. Bawa da kayansa duk na ubangidansa ne."

"Ɗan liman, ka ji zai tsallake sura."

"Ba a tsallake," in ji ɗan liman, ko ɗago kai bai yi ba.

"Ka dai ji. Amma in kana so in taimake ka, durƙusa nan gaban jama'a ka ce mini ranka ya daɗe. Sau ɗaya tak."

"Ni in durƙusa wa ɗan mace? Allah ya kiyaye."

"To zauna da jahilcinka, yallaɓai."

Mai keke ba ya shiga wannan wasa sosai, murmushi kawai yake yi. Shi abin ya fi shafa. Ba shi da lissafi, ba shi da kimiyya, da adabi yake sa ran cika darussa biyar da ake nema kafin a ɗauki mutum kwalejin horon malamai. Kuma babansa ya gaya masa tun farko, sau ɗaya zai zauna. In ya ci, ya ci. In bai ci ba, ga gona, ga hanyar ci-rani. Kashinsa shi ya fi na kowa zama. Yakan rufe ido ya kawo shafi biyu bai yi tuntuɓe ba, har ya gaya maka inda waƙafi yake.

Mun gama na farko da na biyu, muna tsakiyar nawa, sanƙarau ya shigo. Daga birni aka fara jin labarinsa, sannan daga kasuwa, sannan daga gidan da ka san sunan kowa a cikinsa. Zafi ya yi tsanani, ƙasa ba ta takuwa ba takalmi. Aka yi shela a daina cunkushewa a ɗaki. Aka yi layin allura a ƙofar dagaci, ba ta kai ga kowa ba. Shekarar ce maniyyatan wajenmu suka kwance jakunkunansu, aka ce ba za a karɓe su ba saboda cutar.

Wata Asabar taubashina ya zo gindin gawon a makare. Tun da sassafe yake kai taki gonarsu da jaki. Ya zauna, ya ce kansa kamar ana sara da gatari. Ɗan liman ya ce rana ce, ya sha ruwa. Ya kwanta a kan buhu, ya ɗora kashinsa a fuska. Ni nake biyawa ranar. Da na ga kamar ba ya saurare, na zunguri ƙafarsa da tawa.

"Haka bayi suke. Ba sa ciwo sai an zo aiki."

Ya ɗaga takardun kaɗan, ya dube ni da ido ɗaya.

"Ci gaba, ina ji. Ka kusa isowa wurina."

Ita ce maganarmu ta ƙarshe da shi. Na yi shekaru ina juya ta, ban samu komai a cikinta ba sai abin da ya faɗa.

Washegari wuyansa ya ƙi lanƙwasuwa. Aka ɗora shi a amalanken shanu zuwa bakin titi, aka yi ta jiran mota har rana ta take. Gwaggo da mijinta ne suka tafi da shi. Baba ya hana ni bi. An ce asibitin ya cika, marasa lafiya har gindin bishiyoyi, ana rataye ledar ƙarin ruwa a reshe. Ranar Talata da hantsi aka dawo da shi a naɗe cikin tabarma. Kafin la'asar mun kai shi.

Akwai abin da ban taɓa gaya wa kowa da baki ba. Ina tsaye a bakin kabarin, ana jera itace, sai zuciyata ta ce, ina takardun? Na yi a'uziyya. Ta sake tambaya. Har muka dawo zaure ana ta miƙo mini hannu ana cewa ya haƙuri, ina amsawa, tambayar tana nan. Ina son yaron nan. Tun muna rarrafe muke tare. Amma abin da ya faru ke nan, kuma ba zan gyara shi ba.

A makon aka rufe makarantu saboda cutar. Ranar jarrabawa kuwa ba a ɗaga ta ba, saura mako biyar.

Ranar sadakar uku mai keke ya zo gaisuwa. Da zai tafi na raka shi, yana tura keken muna tafe har muka wuce rijiya.

"Na san ba yanzu ba ne," in ji shi. "Amma kashi na huɗu..."

"Ba ka da kunya? Ko ƙasar kabarinsa ba ta bushe ba."

"Yi haƙuri."

"Ku mutanen hayin rafi haka kuke?"

"Na ce ka yi haƙuri."

Ya hau kekensa ya tafi. Na san a lokacin ma cewa faɗan da na yi masa, don ya faɗi abin da ke raina ne.

Bai sake yi mini maganar ba. Sai ya shiga nema da kansa. Ya tuƙa keken nan a tsakar rana har Ɗambatta, ya tarar da makarantar kwana a rufe, an sallami ɗalibai. Mai sayar da littattafai a kasuwa ya ce ba shi da irinsa, sai na firamare da na addini. Ya je Bagwai, ya dawo hannu wofi, leɓensa duk a fashe. Kano kuwa babu uban da zai bar ɗansa ya shiga a wannan lokaci, ko da an samu mota. Muka ci gaba da haɗuwa gindin gawon mu uku. Na gama biya musu kashina, muka kai inda ƙanin ya shiga teku, karatu ya tsaya.

"Gwaggonka ce," in ji ɗan liman. "Mu ba za mu iya shiga ɗakinta ba. Kai za ka iya."

Na bari aka yi sadakar bakwai, baƙi suka watse. Washegari da hantsi na shiga. Na same ta a ƙofar ɗakinta, da ƙwaryar kalwa a gabanta, hannunta a ciki amma ba tsinta take ba. Ta rame, wuyanta ya yi tsawo. Sunan kakanmu aka sa mini, don haka ba ta taɓa kiran sunana ba.

"Babana, kai ne? Shigo daga rana."

Na durƙusa na gaishe ta. Ta tambayi Inna, ta tambaya ko an gama sharar gona. Na yi ta kewaye-kewaye har na rasa ta inda zan biyo.

"Gwaggo, akwai wasu takardu da muke karatu da su tare. Masu bangon siminti."

"Na sani. Da ma ina son kiranka a kansu."

Ta tashi ta shiga ɗaki, na ji ta buɗe adaka. Ta fito da su a naɗe cikin ɗankwali, ta zauna, ta ɗora a cinya. Ba ta miƙo mini ba.

"A aljihunsa suke har asibiti," in ji ta. "Babana, kwana biyu ina zaune a kansa. Bai san ni ba, bai san ubansa ba. Amma bakinsa bai tsaya ba. Karatun nan naku yake ta yi, wuri ɗaya yake ta maimaitawa. In ya kai ƙarshe sai ya koma farko. Da na ga abin ya yi nisa na sa bakina a kunnensa, ina cewa la'ilaha illallahu, la'ilaha illallahu. Shi kuwa yana wannan. Har ya cika yana wannan."

Ba ta yi kuka ba. Ta goge bakinta da gefen zane.

"Ina so in san me yake faɗa. Kai ka iya. Karanta mini."

Sai a lokacin ta ba ni. Na buɗe. Rubutunsa ne a gefen shafuka, ya fassara kalmomi masu wuya da fensir, wani wuri da boko, wani wuri da ajami. Na fara karantawa a hankali, yadda ake karanta wasiƙa.

"Ba haka yake yi ba," in ji ta. "Yi yadda kuke yi a gona."

Na gyara zama. Na fara rangaji, na rera yadda muke rerawa. Kajin gidan suna tone-tone kusa da mu. Na wuce shafi ɗaya, na wuce biyu. Ita ta rufe ido, kanta a sunkuye. Ba ta san ko kalma ɗaya ta Turanci ba, amma ta san sautin, kamar yadda tsohuwa take gane sura ko ba ta taɓa riƙe allo ba. A shafi na shida ta kama wuyan hannuna.

"Nan. Nan ne. Sake."

Na sake. Ta ce in ƙara, na ƙara.

"To me yake cewa?"

Na duba wurin da kyau. Ya ja masa layi da fensir, alamar yana cikin wuraren da ya haddace don ya biya mana. Na fassara mata yadda na iya. Wan ne yake zaune a bakin teku da safe yana ɗinkin koma, ragar kamun kifi. Marubucin yana faɗin yadda gishiri yake cin igiya, da yadda ake ƙulla ta, da yadda tsuntsaye suke sauka kan yashi in ruwa ya janye. Daga nan mutumin ya tashi ya kakkaɓe wandonsa ya tafi gida.

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan, Gwaggo."

"Ɗinkin koma."

"I."

Hannunta yana kan nawa.

"Babu addu'a a ciki? Duba da kyau, Babana. Ko sunan Allah sau ɗaya. Ko da irin nasu ne."

Na bi shafin da yatsa daga sama har ƙasa. Na juya na duba na bayansa. Na san abin da take so in ce. Babu mai ƙaryata ni, mu biyu ne a tsakar gidan, kuma a duk unguwar babu wanda zai iya buɗe takardun nan ya ce ba haka ba ne.

Na ce, "Babu, Gwaggo."

Har yau ban san abin da ya hana ni ba. Ba zan ce tsoron Allah ba ne, kada in yi wa kaina shaidar da ban cancanta ba. Ina jin dai wata biyu na yi ina horar da harshena kada ya ƙara wa littafin nan ko wasali ɗaya, kada ya rage. Da aka tambaye ni abin da ke cikinsa, sai harshen ya yi abin da ya saba.

Ta saki hannuna. Ta karɓi takardun a hankali, ta mayar da su cikin ɗankwalin, ta ƙulle.

"Wannan takarda ta tare masa baki," in ji ta. "Ba za ta tare na ɗan wani ba."

"Gwaggo, jarrabawar saura wata guda. Mu uku ne. Ko kwana biyu ki ara mana, mu kwafa mu dawo da su."

"Allah ya ba ku sa'a, Babana. Ka gaida Innarka."

Ta shiga ɗaki. Na ji ƙarar murfin adaka.

Da na gaya musu a gindin gawon, ɗan liman ya jefar da karan da ke hannunsa.

"Kai wane irin mutum ne? Uwa ta tambaye ka wannan, ka ce babu?"

"To babu ne."

"Wa ya tambaye ka fatawa? Cewa za ka yi akwai. Ta samu sanyi, mu samu takardu. Ko babana liman ka tambaya zai gaya maka, maganar da za ta kwantar da zuciyar mai makoki ba a ajiye ta layi ɗaya da ƙaryar kasuwa."

"Kai da ka yanka littafin fa?"

"Ni na ce ya mutu?"

Yana faɗa ya rufe bakinsa da hannu. Mai keke ya juya ga kekensa. Yana zaune yana murza bawul ɗin tayarsa da yatsa.

Liman da kansa ya je wurin Gwaggo. Ya zauna a zaure, ta tsaya daga bayan ƙyaure. Ya gaya mata wanda zazzaɓi ya ɗauke wa hankali an ɗauke masa alƙalami, kuma wanda annoba ta kashe ana yi masa kyakkyawan zato. Ya ce yaron mai salla ne, kowa shaida ne. Ta saurara, ta yi godiya, ta aiko masa da goro. Da ya kawo maganar takardun, ta ce a yi mata haƙuri. Da yamma Baba ya kira ni ya ce kada in ƙara tayar mata da zancen, kuma kada in aika kowa. Ya ce ƙanwarsa ɗa ɗaya namiji take da shi, in abin da ta riƙe ke nan, a bar mata.

Sauran makonnin muka yi su da abin da muke da shi. Na kawo musu shafuka shidan da na karanta, iya abin da na riƙe, kuma a cikinsu ƙanin bai dawo ba tukuna, ba a kuma ga gawarsa ba. Muka koma hasashe. Ɗan liman ya ce ya nutse, tunda tsofaffi sun hana shi ya ƙi ji. Mai keke ya ce a'a, ya dawo, don marubucin ya ɓata shafuka da yawa yana nuna mana yadda yaron ya iya tuƙi, ba zai yi haka a banza ba. Muka maimaita kashi ukun nan har ya zama in ɗaya ya fara jimla, sauran biyun su ƙarasa. Muka ƙarfafa wasan kwaikwayo da waƙoƙi. Buhu na huɗu mun daina zuwa da shi, amma babu wanda ya taɓa zama a gurbinsa.

Ranar jarrabawar an yi ruwan farko kwana biyu kafin nan, mutane duk suna gona suna shuka. Aka zaunar da mu bisa lamba. Teburinsa yana tsakanina da mai keke, da lambarsa a rubuce da alli. Mai sa ido baƙo ne, daga wani gari aka turo shi. Ya kira lambar sau biyu, ya dubi teburin, ya yi alama a takardarsa ya wuce.

Tambaya biyu aka yi a kan littafin labarin, a zaɓi ɗaya. Ta farko tana neman a bayyana abin da ya faru a babin ƙarshe da ma'anarsa. Ta biyu ta ce a nuna yadda dawowar ƙanin daga teku ta canza wansa.

A nan na sani. Ya dawo. Na ɗago kai, na ga mai keke ma ya ɗago, muka dubi juna ta saman teburin da babu kowa. Hasashensa ya yi daidai. Amma yadda ya dawo, da jirgin ko babu, da abin da wan ya ce masa, da abin da ya canza, babu wanda ya sani a cikinmu. Na rubuta duk abin da na sani game da rigimarsu tun daga farko, na kawo hujjoji da ka, shafi bayan shafi, na tsaya a inda ilmina ya tsaya. Ina jin alƙalamin mai keke yana gudu, sannan ya tsaya, ya daɗe a tsaye.

Sakamako bai fito ba sai da kaka, an yanke gero, dawa tana tsaye. Aka manna shi a bangon ofis. Ɗan liman ya faɗi adabi, amma bai dame shi ba, darussan Larabci da addini sun ɗauke shi. Ni na tsallake da ƙyar, waƙoƙin ne suka cece ni. Mai keke ya samu huɗu. Adabi ne na biyar, kuma bai kai ba. Ya daɗe yana duban takardar, ya bi layinsa da yatsa sau biyu, kada ko na wani ya karanta.

"Hau in sauke ka," in ji shi.

Na hau bayan keken. Muka biyo ta cikin gonaki, ganyen dawa yana dukan gwiwoyinmu. Na san bayan an shigar da amfanin gona zai bi 'yan ci-rani zuwa kurmi, kuma haka aka yi. Can yake har yanzu, yana sayar da albasa.

Da muka zo daidai gidan Gwaggo ya taka birki.

"Tun sadakar uku ban gaishe ta ba. Ba daidai ba ne."

Na shiga na yi masa iso. Ta ce ai abokin ɗanta ɗa ne, ya shigo. Tana bakin murhu tana dafa kalwa. Muka durƙusa. Ta tambayi mutanen hayin rafi, ta tambayi gero, ta ce a kawo masa ruwa. Sannan ta dube ni.

"Babana, na ji an ce takardarku ta fito. Yaya aka yi?"

Ban kai ga buɗe baki ba ya riga ni.

"Alhamdu lillahi, Gwaggo. Mun ci. Dukanmu."

Ta dube shi, ta daɗe tana dubansa. Sannan ta sauke numfashi.

"To madalla. Da ma abin yana raina. Allah ya yi muku albarka."

"Amin, Gwaggo."

Ya shanye ruwan, ya ajiye moɗar a kan randa. Muka fito. Ya ɗaga keken daga jikin katanga, ya matsa tayar baya da babban yatsa ya ji iskarta, ya ce in gaida Baba. Na tsaya a ƙofar zauren har dawa ta rufe shi.